Gefen da Aka Yanke

Ranar wata Litinin, gab da magariba, Maimouna ta buga ƙusa a bangon falo ta rataye hoton mahaifiyarta. Gidansu yana hawa na bakwai a wani dogon bene a Villeurbanne, gefen birnin Lyon na Faransa, kuma tun rasuwar mijinta su biyu ne a ciki, ita da 'yarta Raihana mai shekara goma sha bakwai. Ta ja da baya tana kallon tsohuwar da aka binne a Damagaram wata biyu da suka wuce, sai ta ji ƙas! a gilashin taga. Ta ɗauka tattabara ce. Aka sake, aka kuma sakewa. Da ta buɗe ta leƙa, babu kowa sai tram, jirgin ƙasan cikin gari, da ke wucewa can ƙasa, amma a bakin tagar ga 'ya'yan tsamiya guda uku suna sheƙi.

Ba ta taɓa ganin bishiyar tsamiya a Lyon ba, kuma babu hannun da zai kai jifa hawa na bakwai. Ta kuma san abin da ta aikata da safiyar ranar.

Hoton nan yayanta Moctar ne ya ɗauka da waya, wata Sallah shekara shida baya da suka je gida su biyu. Dogo ne, irin na waya. A tsakiya ga Inna da dangi cikin sababbin kaya. A can ƙarshen hagu kuwa, gindin tsamiyar tsakar gida, ga Balkisa ƙanwar Maimouna a kan yagaggiyar tabarma, ba ɗankwali, tana kallon ƙasa. Tun tana 'yar shekara goma sha huɗu hankalinta ya taɓu. Shekara ashirin ta yi a gindin bishiyar nan, ana tura mata kwano, in baƙi sun zo a ja ta bayan ɗaki. Maimouna ba ta taɓa kama sunanta a Faransa ba. Ranar da aka ce ta rasu ma, banɗaki ta shiga ta yi kukanta, ta wanke fuska ta fito ta ɗora shinkafa.

Da safiyar Litinin ɗin, a shagon wanke hoto, ma'aikaciyar, wata Sofia, ta yi mata bayani da Faransanci dalla-dalla. Firam ɗin da ta sayo santimita ashirin da huɗu ne kan talatin, hoton kuwa ya fi takardar tsawo. Ko dai a rage shi ya shiga duka, a bar fari sama da ƙasa, ko a cika takardar a zubar da gefe. Maimouna ta sa yatsa a allon inji ta ja layin sannu, har tsamiya da tabarma da mai tabarmar suka fice. A tram ta goge asalin hoton daga wayarta, tana ce wa ranta ai inji ne ya yanke. Shi kuwa inji, bawan Allah, inda aka nuna masa nan yake yankewa.

Kwana uku a jere jifan yana dawowa da magariba, tare da wani gunji-gunji kamar na tsohuwa mai tsintar wake. Ran na huɗu Raihana ta dawo daga makaranta, ta zare mayafinta, ta zauna a ƙasa daidai hagun hoton, ta dasa ido a daɓe. Ba ci, ba magana. Likita ya duba bai ga komai ba. Maimouna kuwa ta gane zaman nan, kuma ganewar ta fi jifan tsorata ta.

Ta kira Moctar a La Courneuve, gefen Paris, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba. Washegari da la'asar ya sauka daga jirgin Paris tare da Malam Ɗan Juma, wani dattijon Maradi mai sayar da turare, wanda jama'ar can suka sani da ruƙiyya.

Malam ya yi alwala, ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya soma karatu a hankali. An jima ana yi kafin Raihana ta ɗago kai. Yarinyar da Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa ba, sai ga ta da muryar tsohuwa da Hausar Damagaram tsantsa.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Mi kike nema jikin ɗiyar mutane?"

"Ta gindin tsamiya ce. An sare itacena bara, ban ce komi ba. Shekara ishirin ina zaune da Balkisa. Su kwano suke turo mata, ni ke hira da ita. Hoto guda gare ta a duniya, Malam. Guda! Shi ma wagga ta sa yatsa ta hidda ta."

Malam ya juyo ga Maimouna. "Hajiya, aljani maƙaryaci ne, ba mu ɗaukar maganarsa haka nan. Ke nike tambaya. Akwai Balkisa?"

Moctar ya sunkuyar da kai. Maimouna ta buɗe baki za ta ce inji ne, maganar ta maƙale. Sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda ta ɓoye a banɗaki shekara biyar da suka wuce. "Akwai, Malam. Uwa ɗaya uba ɗaya. Kunyarta na ji."

Malam ya daɗe yana jan carbi kafin ya fuskanci yarinyar.

"Ke kuma ki ji. Ɗiyar nan ba ta ci miki komi ba, kin zalunce ta. Za a maida hoto, amma ba don ke ba, don haƙƙin zumunci."

"Ku yi don wanda kuka so," in ji muryar. "In na gan ta a bango, na tahi. Na rantse da wanda ya halicce ni da ku."

Allah ya sa Moctar irin mutanen nan ne da ba sa goge komai a waya. Ya tura wa Maimouna hoton, ta sauka da gudu ko takalmin kirki ba ta sa ba, ta tarar Sofia na shirin rufe shago. Da aka sake tambayarta yadda take so, ta ce a sa shi duka. Sofia ta ce fuskoki za su ƙanƙance, fari kuma zai fito sama da ƙasa. Ta ce a bar shi ya fito.

Rana ta faɗi lokacin da ta dawo. Ta canza takardar ta mayar da firam a ƙusa. Hoton bai yi kyan na farko ba, Inna ta zama 'yar ƙarama, amma ga tsamiya, ga tabarma. Yarinyar ta miƙe ta ɗora yatsa a gefen hagu, ta jima a haka.

"Ga ki nan," in ji muryar, ƙasa-ƙasa. "Sai wata rana."

Raihana ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta. Malam ya tofa addu'a a ruwa aka shafa mata. Da ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa, sannan idonta ya sauka a kan bango.

"Maman, wace ce waccan da ke zaune ita kaɗai?"

Maimouna ta share hawaye da gefen zane, ta zaunar da 'yarta kusa da ita.

"Innarki ce ƙarama," ta ce. "Sunanta Balkisa. Da tana yarinya, ita ke yi mini kitso."