Kwamfutar da Ba Ta Ji Rasuwar Ba

Tun da aka zagaye Kano da ganuwa ban ji an ci mutuncin wani dattijo kamar yadda aka ci nawa ba. Ni Alhaji Mailafiya, wanda in na kafa hula na ratsa Kabara har masu babur rage gudu suke yi, wai ni aljani zai yi wa sharri a tsakar gidana, a gaban yayata, ina sanye da sabuwar shadda. Aljanin da ko sallama bai yi ba da zai shigo. Ku saurara ku yi mana hukunci.

Matata Nana Hauwa turaren wuta take haɗawa. 'Yarmu Sa'adiyya ce ta sa aka buɗe mata shafi a intanet, mata suna gani suna saye. A saman shafin akwai hotonta riƙe da kasko, hayaƙi ya rufe rabin fuskarta, tana dariya, don ni na tsokane ta a lokacin. A ƙasa an rubuta: "Hajiya tana gida kullum bayan la'asar."

Da damina Nana Hauwa ta rasu. Yaya Tani, wadda nake bi, ta dawo gidan don ta zauna da yarinyar.

Wata ranar da yamma, rana ta yi ja a kan katanga, kaji sun fara neman makwanci, Sa'adiyya ta shimfiɗa tabarma ta buɗe kwamfuta. Ta cire hoton. Ta goge layin nan, ta rubuta cewa Allah ya yi wa Hajiya rasuwa, ita ce za ta ci gaba. Ta danna ajiye. Shafin ya yi fari, ya dawo, sai ga Nana Hauwa tana dariya, wai tana gida bayan la'asar.

Ta sake. Hoton ya dawo. Ta kuma sakewa.

"Baba," ta ce a hankali, "Umma ta ƙi tafiya."

Yaya Tani ta ja da baya tana salati. Ni kuwa na tsaya ina kallon hoton.

Washegari Sa'adiyya ta kira wanda ya gina shafin, ina daga soro ina jin su. Ya ce babu wani abin tsoro, gyaran ya shiga, kowa a gari sabon shafin yake gani. Ya ce akwai wani ɗan ɗakin ajiya a cikin burauza, wato manhajar da ke buɗe shafin a kwamfutarmu, inda take ɓoye tsohon abin da ta saba gani, shi take ta fito mata da shi. A share ɗakin, tsohon shafin zai tafi har abada.

Har abada ya ce, kamar mai maganar sharar tsakar gida. Wato duk birnin nan an yi mana gaisuwa, daga Jakara har Ƙofar Wambai, wannan na'ura kaɗai ce ba ta ji rasuwar ba. In kowa ya fita nakan buɗe ta in karanta layin, in duba agogo.

Da magaribar ranar, Sa'adiyya ta ɗora yatsa za ta share, sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Ƙarar ta cika gidan. Wani ya biyo, ya gangara a hankali har indararo, sannan shiru. Ni a lokacin na fita masallaci, kowa shaida ne. Da na dawo na tarar da su a ƙuryar ɗaki, na ce ai ga shi nan, na'urar tana da masu ita, kada wanda ya ƙara taɓa ta.

Haka aka yi ta yi. Duk magaribar da ta matso kusa da kwamfutar, sai jifa. Ta daina cin abinci. Ta daina haɗa turare, kaskon ya yi sanyi a gindin murhu. Sai ta zauna ta zuba wa rufin ido tun la'asar, tana jira. Rannan ana kiran salla ta miƙe tsaye, ta yi wata ƙara da ban taɓa ji a bakin mutum ba, ta faɗi. Kuma ranar ko tsakuwa ba a jefa ba. Wannan na tabbata.

Yaya Tani ta aika Jakara aka zo da Malam Muhammad Auwal, mai ruƙiyya, ɗan siririn mutum da ba ya ɗaga murya. Ya zauna a gefen tabarmar ya fara karatu. Duhu na sauka, jemagu na wucewa ta saman gidan. Can sai bakin Sa'adiyya ya buɗe, wata tsohuwar murya mai kauri ta fito.

"Ka daina ƙona ni, Malam."

"Wane ne kai? Me ya kawo ka?"

"Mu mazauna kango ne. Duk inda aka bar ɗaki ba shara, nan muke. Na ga ɗaki a cikin na'urar nan, an ajiye jiya a ciki an rufe. Ina zaune lafiyata, tsoro ya buɗe mini yarinyar."

"Tsoron da ka sa mata da jifa," in ji Malam.

Muryar ta yi dariya. "Ni? Ina ni ina jifa da tsufana? A laluba aljihun maigida."

"Ƙarya yake!" na ce. "Malam, ka san halinsu!"

Yaya Tani ta matso kusa da ni. Ta zura hannu a aljihun shaddata, ta fito da shi, ta buɗe. Tsakuwoyi suka zube a kan siminti.

"Mailafiya," ta ce. Shi ke nan abin da ta ce.

"A bar mini ɗakin, in bar yarinyar," in ji muryar. "Shi ma haka yake so. Mu zauna tare, ni da shi da matar."

Wallahi sai da zuciyata ta karkata. Malam ya dube ni, ya ce, "Alhaji, wadda ke cikin na'urar addu'a take buƙata. Wadda ke kan tabarma uba take buƙata."

"To shi zai share, da hannunsa," muryar ta ce. "In ba haka ba ina nan."

Aka ajiye kwamfutar a cinyata. Nana Hauwa tana dariyar da ni na sa ta. Malam ya nuna mini wurin sharewa, ashe ya iya. Na karanta layin sau ɗaya, da ƙarfi, don ta ji. Na danna.

Sa'adiyya ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce da muryarta, "Baba, an yi isha?" Shafin ya dawo, babu hoto, sai sanarwar da ta rubuta.

Har yau Yaya Tani ba ta daina hararata ba, kuma aljanin ya tafi bai ba ni haƙuri ba. Ni dai na ce bai kyauta ba, tonon asiri ba hali ne na gari ba ko a cikin jinsinsu. Amma duwatsun, daga lungun bayan gida, kafin in shiga sahu, hannun nan ne ya jefa su. Kwana kaɗan kawai nake so Nana Hauwa ta ƙara yi a gida.

Yanzu bayan la'asar Sa'adiyya ce ke hura kaskon. Ni sai in fita soro, in ce hayaƙi ne ya shiga mini ido.