Tururuwa a Cikin Ludayi

Wayyo duniya! Hawayen mutuwar mijinta Mukhtar, wanda babur ya kayar a hanyar Ƙonni, ba su bushe ba, sai ga Shafa'atu raɓe a bayan rumbu, gaban rigarta jiƙe sharkaf da nono, tana jiyo kukan jaririnta Boyi daga ɗakin da aka hana ta shiga.

Aikin Goggo Lubabatu ne, yayar marigayin, wadda kaf garin Tozai ba a yanke cibiya sai da saninta. Allah bai ba ta haihuwa ba, tun ranar suna kuwa idonta ke kan yaron nan. Da ɗan zazzaɓi ya taɓa shi, ta tara matan gida, ta sa Shafa'atu ta tatsa nononta a ludayi, ta jefa tururuwa a ciki. Tururuwa ta yi 'yar mutsu-mutsu ta mace.

"Kun dai gani!" in ji Lubabatu. "Nonon ga dahi gare shi. Miƙo min ɗan ƙanena kahin ki kashe shi!"

Shafa'atu ta durƙusa. "Goggo, ki dubi Allah... mi niy yi miki? Shi kaɗai yar rage min!"

Ina! Marainiya ce, wa zai tsaya mata? Aka koma ɗura wa Boyi madarar shanu da ruwan rijiya, gudawa ta sarƙe shi, wuya ya zama kamar sillen kara. Lubabatu, ko kunya babu, ta ce ragowar dafin uwar ne ke fita. Mata suka riƙa janye 'ya'yansu in Shafa'atu ta gifta. Asibitin Illela ya yi nisa, ba mai kai ta. Ita dai kullum tana tatsar da nononta a ƙasa don kada ya ƙafe, tana cewa, "Ya Allah, kai ka zuba shi, kai za ka wanke ni..."

Cikin ikon Allah, a daminar nan aka buɗe ƙaramin asibiti a garin, tafiyar ƙafa kawai. Ranar da tsoho Dabo, kakan yaron, ya ga maɗigar jikansa ta faɗa, ya daka tsawa a kai shi. Shafa'atu ta bi su daga nesa, ta laɓe a gindin dogonyaro.

Malama Hindatu mai duba yara ta fara ba shi ruwan gishiri da sukari, sannan ta tambayi ina uwarsa. Lubabatu ta gyara mayafi ta zayyana labarin gwajinta, har da ɗaga murya don matan da ke layi su ji. Malama ba ta yi musu ba. Ta karɓi goran madarar da Lubabatu ta zo da shi, ta tsiyaya a kofi, ta tsinci tururuwa a bakin ƙofa ta jefa. Tururuwa ta yi mutsu-mutsu, ta mace.

"To Goggo, saniyar ma dahi gare ta? Nitsewa kawai tay yi, ko ruwa na, haka za ta yi."

Can wata mata a layi ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. "Wayyo ɗiyata Asta! Lubabatu, haka kika raba ni da ita har tar rasu!"

Dabo ya dubi Lubabatu ya ce, "Ba ki ƙara taɓa jinjiri a gidana." Daga ranar ko suna ba a sake gayyatarta ba, kuma ni dai ban ji tausayinta ba.

Aka kira Shafa'atu. Ta karɓi ɗanta, tsoro ya cika ta kada ya manta da ita. Boyi ya juya kai, ya lalluba... ya kama! Hawayenta na ɗiga a goshinsa ta ce, "Sha, ɗana, sha. Na aje maka shi."