Wanda Ya Ɗaure Murfin Zarto

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Talata, lokacin da ma'aikatan caji ofis suke ganin bai kamata a ce an soma aikata laifi ba tukuna, wata dattijuwa ta shigo riƙe da hannun rigar wani mutum mai tumbi. Sufeto, wanda saura wata huɗu ya yi ritaya, ya ninke jaridarsa ba da son ransa ba.

"Ranka ya daɗe, ga wanda ya cire wa maigidana yatsu biyu," in ji ta.

"Da me, Mama?"

"Da injin da ya sayar masa."

Mutumin shi ne mai kantin kayan aiki na bakin titi. Maigidan kuwa Gaggawa ne, ɗaya daga cikin kafintoci biyun da suka shekara talatin da takwas suna haɗa firam ɗin hoto a layin bayan gidan waya. Jiya da rana sabon injinsa ya gutsire masa manuniya da ta tsakiya a hannun hagu.

"Zarton lantarki ne mai yanka kusurwa, yallaɓai," in ji mai kanti yana sharce gumi. "Ka juya teburinsa zuwa digiri arba'in da biyar, ka danno hannun ƙasa, shi ke nan. Faifan yana da murfin roba, in ka saki hannun sai ya sauko ya rufe haƙoran da kansa. A gabansa na gwada. Sau uku ya zo kafin ya saya, kullum tambayarsa ɗaya, ko akwai mai jan haske da ke nuna inda zai yanka. Na ce sai an yi oda, wata biyu. Ya ce ba zai jira ba."

"Ai bai taɓa jiran komai ba," in ji matar. "Ko shayi a tsaye yake sha."

Sufeto ya sa aka zaunar da mai kanti a bayan kanta, ya kuma tabbatar masa cewa ba kulle shi aka yi ba, ajiye shi aka yi. Mai kanti ya duba ƙarafunan, bai ga bambancin ba.

Shagon kafintocin yana nan yadda Sufeto ya san shi shekara talatin da ɗaya da suka wuce, ranar da ya kawo takardar shaidar gama horonsa a sa masa a gilashi. Ƙamshin gam da garin katako bai sauya ba. A bango akwai hotunan da masu su ba su dawo karɓa ba: ɗalibai masu ƙullin wuya a karkace, da ƙungiyar ƙwallon da rabin 'yan wasanta yanzu da sanda suke tafiya.

A tsakiyar wannan tsufa sabon injin yake zaune, rawaya shar, kamar baƙon da ba a gayyata ba. An ɗage murfin robarsa sama an ɗaure da siririyar waya, irin wadda ake rataye hoto da ita. Haƙoran faifan duk a waje suke.

Abokin aikin Gaggawa yana zaune kan benci. Ma'auni ake kiransa, domin an ce da kallo ɗaya yake faɗin tsawon hoto, kuma ko silin gashi ba ya shiga kusurwar da ya haɗa. Sai da Sufeto ya yi magana sannan ya ɗago.

"Au, ɗan sandan nan ne mai takarda a naɗe cikin aljihu. Ka girma."

"Na tsufa dai, Baba. Wa ya ɗaure wannan?"

"Tambayi mai shi. Ni tun da aka kawo wannan jarabar ban sa mata hannu ba. Na gaya masa, katako abin lallashi ne, ba abin yi wa ihu ba."

Sufeto ya sunkuya ya ƙirga murɗin wayar. Shida ne cif, kuma an lanƙwashe bakinta ciki don kada ta soki kowa.

A asibiti ya tarar da Gaggawa da hannu a naɗe kamar ƙullin wanki, yana rigima da nas kan yaushe za a sallame shi.

"Ni na ɗaure," in ji shi tun kafin a tambaye shi. "Murfin yana ɓata mini lokaci. Na dawo daga cin abinci, ina hira da mai hoto, na yanka, na kai hannu in ɗauke guntun kafin faifan ya tsaya. Rubuta haka, ka saki bawan Allahn nan."

"Da me ka ɗaure, Baba?"

"Da tsumma."

"Waya ce."

"To, waya. Ciwo yana sa mantuwa."

Matarsa, wadda take tsaye da kwanon abinci, ta taɓe baki. "Ƙarya yake, ranka ya daɗe. Mutumin da igiyar takalminsa ma sau ɗaya yake ɗaurewa. Ni ba zan janye ƙara ba sai an nuna mini mai laifi."

Maƙwabciyar shagon tela ce, kuma kamar yawancin masu zama a bakin taga, ba ta taɓa ganin komai ba sai an tambaye ta sau biyu.

"Ni dai ji nake yi," ta ce, fil a bakinta. "Kullum ƙarfe ɗaya, da Gaggawa ya hau kekensa ya tafi gida, sai a turo ƙofa, inji ya tashi. Ya yi kuka ya yi shiru, ya yi kuka ya yi shiru, kamar mai koyon tuƙi. Kafin biyu saura kwata an daina."

"Wa yake saura a shagon?"

"Yallaɓai, su biyu ne fa. Kai ne mai karatu."

Sufeto ya koma shagon yana jan ƙafa, domin akwai amsoshin da mutum yake so a ce wani ne ya samo su. Ya juya hotuna uku na bango ya duba bayansu. Ɗaya wayarsa a cukurkuɗe take kamar an yi faɗa da ita. Biyun kuwa murɗi shida-shida, baki a lanƙwashe.

Ya mayar da su yadda suke. Ya ɗauki guntun katako, ya ja masa layi da fensir, ya ajiye a gaban tsohon.

"Baba, ɗora mini yatsanka a kan layin nan."

Ma'auni ya daɗe yana duban katakon. Ya karkata shi wajen hasken ƙofa. Daga nan ya ɗora yatsa da natsuwar gwani, taƙi guda daga inda layin yake.

Ya janye yatsan, ya ajiye katakon.

"Shekara biyu ke nan," in ji tsohon a hankali. "Kamar ana zuba mini madara a ido kaɗan-kaɗan. Na ce in ya sani zai zaunar da ni a bakin ƙofa ina karɓar hotuna, ni da na koya masa riƙon zarto. Da injin ya zo na zage shi a gaban jama'a, amma a raina na ce, wannan ai shi ke riƙe kusurwar, ni tsawo kawai zan gani. Sai robar nan ta tare mini layin alli. Kullum in ɗaure, in kwance kafin ya dawo. Jiya ya dawo da wuri, na ji ƙararrawar kekensa, na ruga benci kamar ɓarawo. Ina zaune ina jinsa ya danno hannun, ban buɗe baki ba. Don kada ya ce, yaya aka yi ka sani."

Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "A saki mai kanti. Mu je."

A hanya ya roƙi a biya ta asibiti, Sufeto kuwa ya gano cewa babu dokar da ta hana mota bin doguwar hanya. Ma'auni ya tsaya a gefen gado ya soma magana, Gaggawa ya katse shi kamar yadda ya saba.

"Yaya, rufe mini baki. Kana tsammani wa yake zuwa da sassafe yana gyara kusurwoyinka shekara biyu? Aljanu? Ni ina ruwana da inji, hannuna lafiya lau yake. Kai na sayo wa, shi ya sa na nemi mai haske. Na san in na ce naka ne ba za ka taɓa ba, sai na bar maka awa guda kullum ina cin abinci a hankali, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata."

Matar ta ajiye kwanon, ta dubi tsohon da ta shekara talatin da takwas tana zuba wa abinci tare da na mijinta. Ba ta ce ta janye ba, ba ta kuma ce ba ta janye ba.

"Dole ya rubuta bayani, Baba," in ji Sufeto. "Sakaci ne mai jawo rauni. Sauran yana hannun Mama."

Kofur ɗin da ya rako su ya kama gwiwar hannun Ma'auni, wanda ya yarda a karon farko a ja shi. Suna bakin ƙofa Gaggawa ya ɗaga murya.

"Yallaɓai, kada ku daɗe da shi. Akwai firam tara da za a karɓa ranar Asabar. Ni ke da ido, shi ke da yatsu."