Jinin Da Na Saukar

"Ke kika saukar mata da jini, ko ba ke ba ce?"

Yayar saurayina ce ta tare ni a ƙofar ɗakin tiyata, ko hular aiki ban cire ba.

"Ni ce, Yaya. Ni nake sa majinyata barci. Aikin cikin hanci ne, in jini na ta zuba likita ba zai ga inda yake yanka ba, shi ya sa muke rage ƙarfinsa na ɗan lokaci..."

"Kun ji ko? Da bakinta ta faɗa!"

Mahaifiyarsu na kwance a ciki. Ta farka, amma hannun dama ya ƙi motsi, baki ya karkace. Ita ce kuma matar da ta rantse ɗanta ba zai auri ma'aikaciyar asibiti ba, ga shi saura wata guda bikinmu. Masu neman abin faɗa sun samu.

Na ja saurayina gefe.

"Masoyi, sau biyu na tambaye ka ko Mama na da hawan jini. Mai hawan jini ba a yi masa haka, ƙwaƙwalwarsa ba ta jurewa. Ka ce lafiyarta lau!"

Ya sunkuyar da kai.

"Shekara shida ina ba ta maganinsa daga kantina na magani... Ba ta son layin asibiti, shi ya sa babu a katinta."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Tsoro na ji kar a ɗage aikin ya ci mana ranar biki, zuciyata."

Wai zuciyata! Ji na yi kamar in shaƙe shi.

"To je ka gaya musu."

"In suka ji, na rasa dangi, na rasa kanti. Ke kuwa takardun asibiti sun wanke ki."

"A gidanku fa, wa zai wanke ni?"

Yaya ta ƙaraso tana huci.

"Ƙanina, me take gaya maka?"

Na zuba masa ido. Wallahi har a lokacin ina son sa, kalma ɗaya nake jira.

"Haƙuri take ba ni, Yaya," ya ce. "Na ce mata ta makara."

Ban yi kuka ba. Na koma ciki na gyara wa Mama robar iskar numfashi. Ta damƙe hannuna da na hagunta, hawaye na bin kuncinta, tana ta motsa leɓe. Ta san mai ba ta maganin, amma harshen ya riga ya tafi.