Farin Gashi a Haɓar Auta

Rana ta faɗi, ba a kunna fitila ba tukuna. Umma na kicin tana wanke kwanuka, sai ruwa ya ƙi wucewa. Ta zura yatsa cikin ramin magudanar, ta jawo wani abu mai santsi. Gashi ne. Ta ci gaba da ja yana ta fitowa, fari, dogo, yana yauƙi kamar majina, har ya naɗe mata hannu. A gidan kuwa babu mai furfura, shi Baba ma sanƙo gare shi.

Sai ƙauri ya taso, irin na gashin da aka babbaka. Umma ta bi shi da hanci har ƙofar ɗakin Auta.

Auta ita ce ƙaramar 'yarsu, a kantin magani take aiki. Tun da ta balaga gashi ke fito mata a haɓa. Ta tsige da hantsaki, ta aske da reza, ba ta tsira da komai ba sai ƙuraje da baƙin tabo. Masu sayen magani sukan kalli haɓarta kafin su kalli idonta. Da abin ya ishe ta, ta je asibitin fata inda ake ƙone saiwar gashi da hasken leza. Ma'aikaciyar ba ta ɓoye mata ba. Ta ce ba zuwa ɗaya ba ne, wurin zai yi ja ya yi raɗaɗi, kuma wani gashin kan dawo, amma siriri. Auta ta ce ta ji ta gani. Ta yi ta zuwa, ana sa mata baƙin tabarau, na'ura na ɗas-ɗas kamar ana harbinta da roba. Gashi ya zube, haɓa ta yi sumul.

Bayan zuwanta na ƙarshe ne gidan ya canza.

Gashi a cikin shayi. Gashi a kan sabulu. Baba ya zaro wani daga maƙogwaronsa yana kakari, ya kwana bai sake cin komai ba. Da magariba ta yi, sai a ji ɗas-ɗas a jikin taga, a leƙa ba kowa. Ita kuwa Auta fararen gashi ne suka tsiro mata, masu kauri kamar tsinken tsintsiya, gindinsu na tsattsafo da ruwa mai wari. A aske da safe, kafin rana ta faɗi sun dawo. Ta koma asibiti, ma'aikaciyar ta duba, ta ja da baya.

“Hasken nan baƙi yake kamawa, ba ya ganin fari,” in ji ta. “Amma wannan, wallahi ban taɓa ganin irinsa ba.”

Ranar nan da Umma ta bi ƙauri ta tura ƙofar ɗakin, ta tarar da Auta zaune a ƙasa tana tauna gashin haɓarta.

“Auta?”

“Ta fita,” in ji wata murya ta tsohuwa daga bakin yarinyar.

Baba ya ɗauko wani malami da ya san ruƙiyya. Malam ya zauna a kan tabarma, ya toshe hanci da gefen rawaninsa, ya fara karatu a hankali. Auta ta sandare. Gashin ya mimmiƙe yana motsi kamar tsutsa.

“Wace ce ke?” Malam ya tambaya.

“Mai gida. Tun da ta balaga nake zaune a nan, a gindin gashin nan nake kwana. Ta tsige, na yi haƙuri. Ta aske, na yi haƙuri. Sai ta kawo mini wuta har ɗaka. Bayana duk ya saluɓe, Malam. Kana jin ƙaurin nan? Nawa ne.”

“Ba ta san kina ciki ba. Jikin ɗan Adam kuma ba gidan haya ba ne. Fita za ki yi.”

“A bar mini gashi uku.”

“Ko ɗaya.”

“To hammata. Can akwai duhu, akwai danshi.”

Baba ya juya ya tofar da yawu. Malam ya ɗaga murya da karatu, tsohuwar ta yi ƙara har kwanukan kicin suka amsa. Can ta lafa, tana nishi.

“Ruwa,” ta ce. “A sanyaya mini ƙunar nan, in tafi.”

Malam ya dakatar da karatu. “Wannan kam haƙƙinki ne.”

Umma ta kawo ruwan sanyi. Malam ya yi addu'a a ciki, ya ce ta zuba. Haɓar ta yi cuu, tururi ya tashi. Auta ta dunƙule, ta yi kakari, ta amayo curin gashi kamar ƙwan agwagwa, jiƙe da baƙin ruwa. Ya ɗan motsa a kan siminti, sannan ya tsaya. Malam da kansa ya kwashe shi da shebur, bai yarda kowa ya taɓa ba.

Fararen gashin suka zube, suka bar tabo. Bayan wasu watanni sirara baƙaƙe suka leƙo. Umma ta ruga wajen Malam, ya zo ya duba ya ce, “Wannan ba nawa ba ne, na likita ne.”

Auta ta koma asibiti. Da ta kwanta a kan gadon, ma'aikaciyar ta ɗauko na'ura, sai Auta ta riƙe mata hannu. Ta ɗaga haɓa, ta ce da ƙarfi, “Salamu alaikum. In da mai gida, ya fita, wuta na zuwa.”

Ma'aikaciyar ba ta yi dariya ba. Ta tsaya ta jira.