Nauyin Ƙwai Biyu

Sufeto bai taɓa son babur ba, kuma aikinsa bai taɓa ba shi dalilin so ba. Shi ya sa da Kofur ya leƙo ofis ya ce wani ɗan tsere ya mutu a kwanar ƙarshe ta filin tsere, ko kai bai ɗaga ba.

"Haɗari ne. Mu me ya kai mu?"

"Yallaɓai, ubansa ne ya zo da ƙafarsa. Wai shi ya kashe shi."

Dattijon yana tsaye a gaban kanta, ya miƙo hannayensa biyu a haɗe yana jiran ankwa. Hannayen makanike ne, baƙin mai ya shige tsagar fata ya zauna, ba sabulun da zai fitar da shi.

"Ni na ɗaure birkin Auta," ya ce. "Birki ya tsinke. Ku rufe ni."

"Auta ɗanka ne?"

"Ƙaramin. Su biyu gare ni."

"Da gangan ka yi, Baba?"

"Sakaci ne. Tsufa ne. Ku rubuta wanda kuka ga dama."

Sufeto ya daɗe yana hulɗa da masu laifi, kuma bai taɓa ganin wanda ke azarɓaɓin a kulle shi haka ba. Ya ce a ba dattijon kujera da ruwa, ya ɗauki hularsa.

A filin tsere an jingina babur ɗin a jikin tayoyin da ake jerawa gefen hanya. Ko kafin haɗarin ma, abin ya fi kama da ƙashin babur. Ba madubi, ba fitila, ba matakin fasinja, wurin zaman kuwa ɗan soso ne da bai kai faɗin tafin hannu biyu ba.

Wani mutum ya taso yana ɗingishi, wani abu na ƙara kacau-kacau a aljihun wandonsa duk taku. Idonsa ya yi ja. Ya ce shi ne yayan mamacin, kowa a filin Yaya yake ce masa.

"Wa ya yi wa babur ɗin wannan askin?" Sufeto ya tambaya.

"Mu ne, yallaɓai. Nauyi shi ne abokin gabar ɗan tsere. Mun sa salansa mara nauyi, mun sa ƙaramin batir, mun cire duk abin da ba ya gudu."

"Birki fa?"

"Birki na Baba ne. Ba mai taɓawa." Ya goge hanci da bayan hannu. "Amma ku binciki Dogo, abokin hamayyarsa a tsere. Tun safe yake shawagi kusa da mu, kuma shi ne bai taɓa cin Auta ba."

Sufeto ya tsuguna a gaban tayar gaba. Faifan birki biyu ne, dama da hagu, kowanne da kan birkin da ke matse shi, noti biyu-biyu na riƙe da su. Kan birkin dama ya fizge gaba ɗaya, notinsa sun karye, ya shiga cikin wili ya cije tayar. Na hagu yana nan daram. A kan kowane noti akwai layin fenti ruwan ɗorawa, akwai wani layin a jikin ƙarfen da notin ya shiga, amma layukan biyu ba su haɗu ba.

"Wannan fentin fa?"

"Alamar Baba ce," in ji Yaya. "Duk notin da ya ɗaure sai ya sa masa."

Kofur ya tsinto kan noti guda da ya karye a cikin tsakuwa. Sufeto ya jefa shi sama ya cafe, ya ji shi sakayau a hannu, ya sa a aljihu.

Zancen Dogo bai yi nisa ba. Masu kula da fili sun ce tun da ya iso yake fama da nasa injin a gaban idonsu, kuma shi ne ya yar da babur ɗinsa ya ruga ya rungumi Auta a ƙasa. Har yanzu jinin Auta na jikin rigarsa.

Sufeto ya sa aka kawo dattijon garejinsa. Ɗaki ne ɗaya mai ƙofar ƙarfe, spanoni a rataye jere daga ƙarami zuwa babba. A ƙarƙashin benci akwai akwatin katako cike da abin da aka cire wa babur ɗin Auta: tsohon salansa, madubai, fitila, har da ƙananan wayoyi a ɗaure da zare.

"Ba ka zubar da komai, Baba?"

"Makanike ba ya zubar da ƙarfe."

"Yi mini bayanin layin nan na fenti."

Dattijon bai so ba, amma sana'a ta fi ƙarfinsa. "In na ɗaure noti, sai na ja layi ɗaya daga kansa ya gangaro jikin ƙarfe. Ja ɗaya. In notin ya motsa ko kaɗan, layin zai rabu, sai in gani da ido tun daga ƙofa. Yaran nan na ce musu, ku cire sit, ku cire fitila, ku kankare fenti in kun so. Amma faifai da kan birki da notinsa, wannan ba nauyi ba ne, rai ne."

"A babur ɗin layukan sun rabu."

"To ka gani. Ban ɗaure da kyau ba, sun kwance."

A kan bencin akwai faranti mai maganaɗisu da makanikai ke ajiye noti don kada su ɓata. Sufeto ya fiddo guntun notin nan ya ɗora a ciki, ya karkata farantin. Sauran notin suka tsaya cak, wannan ya gangaro ya faɗi ƙasa.

Ba wanda ya sunkuya ya ɗauka.

"Alminiyom ne," Sufeto ya ce. "Ni ban iya gyara ba, amma na san tukunyar gidana ba ta kama maganaɗisu. Kai ka sa wa ɗanka wannan a birki?"

"Ni na sa."

"Ina na ƙarfen da ka cire?"

"Na yar."

"Yanzu ka ce makanike ba ya zubar da ƙarfe."

Dattijon ya kama gefen benci. Sufeto ya fara gane abin da ke gabansa, kuma ba ya son sa. Wannan mutum ne da ya tsuguna a kan gawar ɗansa, ya dubi noti, ya karanta komai a kallo ɗaya, sannan ya lissafa cewa ɗa guda ya rage masa.

Sufeto ya sami matar Auta a gidansu, a ɗan ƙaramin kicin ɗinta, domin ta ce ba ta iya zama cikin mata masu gaisuwa. Yarinya ce mai tsohon ciki. Akwai faranti a rufe kusa da risho.

"Wannan ne tserensa na ƙarshe," ta ce. "Ya yi mini alkawari. Ya ce ko ya ci ko bai ci ba, daga yau ya koma riƙe spana wurin Baba."

"Yayansa ya sani?"

"Saboda alkawarin ake ta rigima. Yaya ya ce in Auta ya ci wannan, manyan masu harkar tsere za su ɗauke shi, ba zai iya bari ba. Shi da ƙafarsa ta hana shi hawa, sai ya hau ƙaninsa." Ta yi wata dariya mara daɗi. "Har abincinsa yake aunawa. Kullum, ka yi nauyi, ka yi nauyi. Mutumin da ana ƙirga haƙarƙarinsa!"

Ta buɗe farantin. Soyayyen ƙwai ne guda biyu, sun sandare.

"Na soya masa da safe, Yaya ya shigo ya ce kada ya ci. Haka ya fita da yunwa."

"Me ya kawo Yayan da safe?"

"Sikelina ya zo aro. Baba ya tafi sayo mai, shi kuma ya ce zai auna wani abu a gareji. Ya dawo da shi kafin su tafi fili."

Ta sauko da sikelin daga kan kantar kicin, irin wanda ake auna fulawa da shi. A bakin farantinsa akwai ɗigon fenti ruwan ɗorawa. Sufeto ya danna shi da farce, farcen ya shige.

Sufeto ya koma gareji ya sami Yaya zaune a kan bokiti, ubansa a tsaye ya juya masa baya, Kofur a bakin ƙofa. Da Yaya ya ga sikelin a hannun Sufeto sai ya miƙe, aljihunsa ya yi ƙarar nan.

"Makullai ne?" Sufeto ya tambaya.

"Makullai ne."

"Fito da su mu gani."

"Sufeto," dattijon ya ce, bai juyo ba, "na riga na faɗa maka ni ne. Ka bar yaron nan. Ina roƙonka."

"Baba, ka yi haƙuri. Yaya, aljihunka."

Ya daɗe kafin ya sa hannu. Noti huɗu na ƙarfe ya zube a kan benci, suka mirgina suka manne a jikin farantin maganaɗisu ɗaya bayan ɗaya. Kowanne da rabin layin Baba a kansa.

"Na so in jefa su a kwata," Yaya ya ce. "Na kasa. Tun safe nake yawo da su."

"Me ya sa ka canza su?"

"Mun cire komai, yallaɓai. Ba abin da ya rage sai birki. Mai sayarwa ya ce masu ƙarfi ne, na auna na ga sun fi sauƙi. Na ja musu fenti a hannu kafin in ɗaura, don kada Baba ya lura. Da na ɗaure sai layin ya ƙi haɗuwa, ga Baba na dawowa, sai na rufe da tsumma." "Tsere ɗaya na ce ya ci! In ya ci ba zai bari ba. In ya bari, ni me na zama? Gurgu mai miƙa spana?"

"Sai ka bar ubanka ya je caji ofis, ka kuma nuna mana Dogo."

Kofur ya matso da ankwa.

A nan ne dattijon ya juyo. Bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba. Ya karɓi sikelin daga hannun Sufeto ya ajiye a benci, ya ɓamɓaro notin ƙarfen huɗu ya ɗora, ya duba allurar. Ya sauke su. Ya buɗe aljihun benci inda ragowar notin alminiyom da Yaya ya sayo suke a leda, ya ƙirga huɗu ya ɗora, ya sake dubawa. Ya daɗe yana kallon allurar nan.

"Nawa ka rage?" ya tambayi ɗansa.

"Baba..."

"Ina tambayarka a matsayin makanike. Nawa ka rage wa babur ɗin?"

"Giram ɗari da 'yan kai."

Sufeto ya tuna farantin da ke rufe kusa da risho, ya kau da kai. Da ya san haka binciken zai ƙare, da ya bar shi a haɗari tun a ofis, amma yanzu ba hali.

"Nauyin ƙwai biyu," in ji dattijon. "Ai da ka bar mini notina. Ƙwan ma ka riga ka hana shi ci."

Kofur ya kama hannun Yaya suka fita, ɗingishinsa ba ƙara yanzu. Sufeto ya tsaya a bakin ƙofa. Notin shaida ne, dole ya tafi da su. Ya miƙa hannu, dattijon ya goge su da tsumma ɗaya bayan ɗaya, ya zuba masa a tafi, ya ce ya ja ƙofar in zai fita.