Masu Zama a Dishi-dishin Allo

Ranar da Auta ta fara ganin mai gyaran kwamfuta a shagonsa, kansa na sunkuye kan laftof ɗin Babanta, da ɗan sukundireba maƙale a bayan kunnensa. Allon ya ƙi ba da zaɓin girman hoto sai guda biyu, fuskoki duk sun baje kamar an zauna a kansu. Ya sa wa laftof ɗin manhajar da ke daidaita hoton allo, zaɓi goma sha biyu suka jeru, rubutu ya fito tar.

"Kin gani? Da ma yana iyawa, dama ce ba a ba shi ba."

Maganar ta bi ta har gida. Bayan kwana huɗu ta goge manhajar da hannunta, ta koma shagon. Sau bakwai tana haka.

Ran gyara na bakwai, da magariba, Umma na naɗe sallaya, tsakuwa ta faɗo kan rufin kwano. Sai wata. Laftof ɗin ya kunna kansa, hoton na faɗaɗa yana tsukewa kamar numfashi. Auta ta zube.

Baba ya kira malamin ruƙiyya, ya kira mai gyara saboda na'urar. Malam ya daɗe yana karatu kafin bakin Auta ya buɗe da muryar wani tsohon aljani. Tana ji daga ciki, ba ta da ikon rufe shi.

"Me kake nema a jikin yarinya?"

"Matsuguni. A dishi-dishin allon nan nake da iyalina. Ta goge, mu tare. Wancan ya gyara, a watso mana kaya waje. Sau bakwai, Malam. Ko ɗan haya ana ba shi wa'adi."

"Ita ke gogewa?" in ji Baba a hankali.

"Da yatsanta. Sai ta shafa turare ta tafi shago."

Mai gyara ya kafa wa takalminsa ido. Umma ta ja mayafi ta rufe ƙafafun 'yarta, abin da kaɗai ya rage da za ta iya rufewa.

"Ka fita daga jikinta," in ji Malam.

"Ku bar mana tsohuwar talabijin ta ɗakin ajiya. Kuma in ji daga bakinta cewa ta daina."

"An ba ka," in ji Baba.

Auta ta yi atishawa, jikinta ya dawo mata. Ta so a ce suman ya ɗore. Sai wata tsakuwa ta gangara kan rufi a hankali, ta tsaya, tana jira.

Ba ta ɗaga kai ba.

"Baba, na yi alkawari. Ba zan ƙara ɓata abu don a dube ni ba."